Shin Akwai Kifin Shak Wanda Bai Wuce Taƙi Guda Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa akwai wani kifin shak a cikin teku wanda mutum zai iya ɗora shi a tafin hannunsa, kuma wai cikinsa yana ba da haske. Shin jinsi ne mai zaman kansa, ko kuwa ɗan shak ne da bai gama girma ba? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma jinsi ne mai zaman kansa. Masana suna kiransa Etmopterus perryi, kuma ko ya tsufa tsawonsa ba ya wuce kimanin santimita 20, wato taƙi guda na babban mutum. Yana rayuwa a tekun Karebiyan, daura da gaɓar Kolombiya da Benezuwela, a zurfin da ya kama daga mita 283 zuwa 439. Wani jirgin bincike na Amurka mai suna Oregon ne ya kamo shi a shekarar 1964, amma sai a 1985 Stewart Springer da George Burgess suka bayyana shi a matsayin sabon jinsi, suka raɗa masa suna don karrama Perry Gilbert, wanda ya daɗe yana nazarin kifayen shak.

Hujjar cewa ba jariri ba ne ita ce, a cikin waɗanda aka kamo akwai mata masu ɗauke da ciki. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa ne a cikin uwar, ɗan ya ci gaba da rayuwa da gwaiduwar ƙwansa, sannan ta haifi biyu ko uku a lokaci guda, kowannensu kimanin santimita 6.

Girman jiki ba ya cikin abubuwan da masana suke dubawa kafin su kira kifi shak. Abin da suke fara dubawa shi ne ƙashi, domin shak ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko karfasa, guringuntsi ne ke riƙe da jikinsa, kuma saboda haka aka sanya shi a ajin Chondrichthyes. Wannan ɗan ƙaramin yana da tsagogin numfashi biyar a kowane gefen kansa kamar akasarin 'yan uwansa manya. Daga nan sai aka sanya shi a rukunin Squaliformes, waɗanda ba su da fiffike tsakanin dubura da wutsiya, sannan dangin Etmopteridae, masu ƙaya a gaban kowanne daga fukafukan bayansu biyu. Jinsunan da ke ƙarƙashin sunan Etmopterus kaɗai sun haura 40.

Batun hasken kuwa, a ganina, shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna zaton fitila ce ta ganin hanya, alhali babban amfaninsa ɓuya ne. A wannan zurfin akwai sauran ɗan hasken rana mai rauni da ke saukowa daga sama, saboda haka babban kifin da ke farauta daga ƙasa yana ɗaga kai ne ya nemi baƙar inuwar abin da ke wucewa a kansa. Ƙananan ɗigogin da ke fatar cikin wannan shak suna fitar da shuɗin haske daidai da wanda ke saukowa, sai inuwarsa ta ɓace, mafaraucin ya wuce bai gan shi ba.

An fi nazarin wannan al'amari a jikin ɗan uwansa Etmopterus spinax, wanda ake samu a gabashin tekun Atlantika daga Norway har zuwa ruwan Gabon, ciki har da gaɓar Afirka ta Yamma. Masu bincike na jami'ar Louvain ta ƙasar Beljiyam sun gano cewa sinadaran jiki irin su melatonin da prolactin ne ke kunna hasken, kuma akwai ƙwayoyin halitta masu baƙin launi da ke buɗewa ko rufewa a kan kowane ɗigo domin ƙara hasken ko rage shi.