Me ya sa labulen haske ke barin kaya su wuce, amma ya tsayar da inji idan mutum ya gitta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata masana'anta, a sashen da inji ke jera kwalaye a kan katakon ɗaukar kaya. A ƙofar da kayan ke fita akwai labulen haske, wato jerin layukan haske da ke ratsa bakin ƙofar, wanda da zarar ka miƙa hannu cikinsa inji zai tsaya cak, amma kaya masu tsayin mutum sukan wuce ta ciki ba tare da ya tsaya ba. Kwanan baya wani abokin aikina ya manna salatif a kan ƙananan sensa biyu, wato na'urorin da ke gano wucewar kaya, da ke gefen ƙofar saboda inji na yawan tsayawa, ya ce mini ai injin ma da kansa yake kashe labulen. Shin gaskiyarsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ran mutum ke rataye a kai. Tabbas inji yakan dakatar da aikin labulen na ɗan lokaci, abin da injiniyoyi ke kira miyutin, kuma ƙa'idojin duniya irin su ISO 13849-1 da IEC 62046 sun amince da shi. Sai dai sun gindaya sharaɗi: dole ne dakatarwar ta faru da kanta, ta zama ta wucin gadi, kuma a daidai lokacin da mutum ba zai iya kaiwa ga haɗari ba, ko dai don injin yana matakin da ba ya cutarwa, ko don kayan da kansu sun toshe hanya.

Labulen ba ya da hankalin bambance kwali da mutum; abin da kawai ya sani shi ne an tare haskensa. Waɗancan ƙananan sensa da aka rufe su ne ke yin bambancin. A tsarin da aka fi gani, ana sa haskensu ya gitta juna kamar alamar X, a ajiye mahaɗar a kan layin labulen ko can ciki ta ɓangaren haɗari, ta yadda kaya masu faɗi za su tare su biyun kusan lokaci guda, cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali mutumin da ke tahowa daga waje ba zai iya tare su lokaci guda ba sai ya riga ya taɓa labulen. Akwai kuma tsari mai sensa huɗu a jere, inda dole a tare su ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da aka tsara. Dalilin da ya sa ba a yarda da sensa ɗaya tilo ba shi ne, idan ta lalace ko ƙura ta rufe ta, ƙofar za ta zauna a buɗe babu wanda ya sani. Shaida biyu masu zaman kansu ake nema, kuma da zarar kayan sun wuce, labulen ya koma bakin aikinsa nan take.

To, salatif ɗin nan yana faɗa wa injin ƙarya ce marar yankewa, cewa har yanzu kaya na bakin ƙofa. Abin da zai fi damuna shi ne a ce dabarar ta yi aiki. Tsarin da aka kafa da kyau yana da iyakar lokaci, wanda idan dakatarwar ta zarce shi sai na'urar ta soke ta, labulen ya dawo. Idan injinku ya ci gaba da gudu awa da awanni sensa na rufe, to ko dai an cire wannan iyaka, ko ba a sa ta ba tun farko, kuma wannan matsala ce da ta fi ta salatif girma.

Misalin injin matse ƙarfe yana ƙara fayyace maganar. Haɗarinsa yana wajen saukowa ne, don haka ake barin ma'aikaci ya sa hannu ya ɗauke abin da aka buga yayin da kan injin ke komawa sama, amma kafin ya sake saukowa labulen ya riga ya farka. A injin lanƙwasa farantin ƙarfe kuwa, an saba dakatar da kariyar ne sai bakin injin ya kusa taɓa farantin, kimanin milimita 6, gibin da yatsa ba zai shiga ba. Ka ga a duka biyun matsayin injin ne ke yanke hukunci, ba gajiyar ma'aikaci ko matsin cika adadin kaya ba.

Na fahimci abin da ya tura abokin aikinka, domin inji mai yawan tsayawa yana cin rai, musamman idan ana jiran kaya. Amma yawan tsayawar yana da sanadi da za a iya ganowa: sensa da ta goce daga saitinta, datti a kan gilashi ko madubinta, ledar naɗe kaya da ke lilo tana tare haske, ko katako mai ramuka da haske ke ratsawa. Idan kuma kaya sun maƙale a tsakiyar ƙofa, akwai halastacciyar hanyar fitar da su, wato makulli ko maɓalli na musamman da ake riƙewa a danne, a wurin da mai dannawa ke ganin duk filin haɗarin, wanda da an sake shi komai ya tsaya.

Shawarata ita ce ka sanar da shugaban sashenku ko jami'in kula da lafiyar ma'aikata tun kafin a sake kunna injin, a cire salatif ɗin, a kira ƙwararre ya duba saitin sensa da iyakar lokacin. Ka roƙe shi ya auna gibin da ke tsakanin kaya da shingen ƙofa, domin bai kamata ya wuce milimita 200 ba, don kada wani ya raɓa gefen kaya ya shige. Idan akwai fitilar da ke nuna an dakatar da labulen, ka riƙa lura da ita: in ka gan ta a kunne alhali babu kaya a ƙofa, kada ka kusanci wurin, ka danna maɓallin tsayar da inji na gaggawa.