Amsa kan gurbin shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Daura

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki: ɗanki ya zauna jarrabawar NECO ta shiga makarantun haɗaka na tarayya, bai samu gurbi a Daura ba, aka ɗauki yaron wata jiha da bai kai shi maki ba, kina neman sanin ina adalcin yake. Allah Ya ba ki haƙuri, abin da ciwo.

Na fi shekara 20 ina koyar da aji shida na firamare a ƙasar Daura. Tun 1966 da aka buɗe makarantun haɗaka na farko a Sakkwato, Warri da Okposi, manufar ita ce 'ya'yan kowane yanki su ci tukunya ɗaya. Shi ya sa wajen rabon gurbi ake ba cancanta kashi 60 cikin 100, daidaiton jihohi kashi 30, ragowar 10 na lalura. Mai yiwuwa ta ƙofa ta biyu yaron nan ya shiga. Ta wannan ƙofar ce kuma 'ya'yanmu suke samun shiga Legas ko Enugu, don haka ban yarda a rufe ta ba.

Abin da ke hana ni barci yana cikin gida. In an ce kason Katsina, 'ya'yan wa ke cinye shi? Galibi 'yan makarantun kuɗi na cikin birni, masu malamin lesin a gida. Yaron ƙauyukan Baure ko Zango ko labarin fom bai ji ba, balle kuɗin zuwa kafe a yi masa rajista ta intanet.

Wata shekara na kai yarinya, 'yar mai sayar da fura, wadda ba ta da na biyu a lissafi. Ranar ta fara ganin takardar amsa mai 'yan akwatuna. Maimakon ta cike akwatin da fensir, sai ta riƙa rubuta amsar a gefe, da kyakkyawan rubutunta. Ta faɗi. Laifina ne, ban taɓa nuna mata ba. Tun daga ranar, duk Alhamis sai na raba wa ajina irin takardar nan sun gwada.

Ki ajiye takardar sakamakonsa, Hajiya, ki je makarantar da kanki ki tambaya ko za a fitar da jerin sunaye na biyu. Kada ki ba kowa ko sisi da sunan zai sama masa gurbi. Ki kuma bincika makarantun kimiyya na jiha, irin ta Dutsin-Ma.