Yaushe tsuntsayen Turai ke isowa Zariya, kuma a ina zan gan su?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa da ƙarshen lokacin zafi tsuntsaye kan taso daga Turai su zo Afirka. Sau uku ina fita bayan Samaru a watan Agusta, ban ga wani baƙon tsuntsu ba. Shin suna zuwa Zariya kuwa?

Amsa: Suna zuwa, ɗan'uwa, sammako kawai ka yi musu. Lokacin zafin Turai ba shi ne bazararmu ba, da daminarmu yake haɗuwa. A watannin Yuni da Yuli suna can suna ƙyanƙyasa, sai abinci ya fara ja baya sannan su kamo hanya. Agusta kuwa a nan marka ce, ciyawa ta yi tsayi, dawa ta rufe gonaki, ko tsuntsu na kusa da kai da wuya ka gan shi.

Ba rana ɗaya suke isowa ba. Na farko su ne 'yan bakin ruwa, ƙanana masu dogayen ƙafafu da siririn baki, masu tsintar tsutsa a cikin laka. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake fara ganinsu ɗai-ɗai. Akwai wani mai ƙasa-ƙasan baya da farin ciki, wanda ba ya daina kaɗa gindinsa sama da ƙasa ko yana tsaye; idan ya tashi sai ya bi dab da fuskar ruwa yana karkaɗa fikafikai. In ka gan shi, to ka ga baƙonka na farko. Ka neme shi a gefen madatsar Kubanni ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko fadamun kogin Galma, ko duk wani kududdufi da ruwa ya fara janyewa ya bar taɓo. Wurin da ruwa ya cika maƙil har cikin ciyawa ba ya yi musu.

Cikin Satumba zuwa Oktoba sai tsattsewar Turai ta shigo, mai jan maƙogwaro da wutsiya mai rassa biyu dogaye. A nan a yi hattara, domin muna da namu tsattsewar da ba sa zuwa ko'ina, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Sai kuma wani mai rawayan ciki da doguwar wutsiya da ke bin ƙafafun shanu yana kama ƙwarin da suka tayar, shi ma wajen Oktoba yake yawaita. Waɗanda suka fi taɓa mini zuciya su ne 'yan mitsi-mitsin da ke ɓuya cikin ganyen itatuwa. Wani nauyinsa bai wuce giram 10 ba, amma ya ƙetare Bahar Rum, ya ƙetare Sahara mai faɗin kusan kilomita 2,000, da kitsen da ya tara a jikinsa kawai, yawanci cikin dare. Duk lokacin da na ga yaro ya ɗana wa irinsu danƙo sai raina ya ɓaci.

Amma kada neman baƙin Turai ya sa ka manta da matafiyin da ke bisa kukar unguwarku. Shamuwa ma 'yar ci-rani ce. Da farkon damina take zuwa, shi ya sa manomi ke gyara fartanya idan ya gan ta. A nan take sheƙa ta ƙyanƙyashe, ruwa na ɗaukewa wajen Oktoba ta taru garke-garke ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke kamawa a lokacin. Ka sa wa sheƙa ɗaya ido tun yanzu, ka rubuta ranar da ka wayi gari babu kowa a ciki.

Shawarata ita ce ka yi amfani da wannan Agustan wajen sanin 'yan gida: belbela, zalɓe, cilakowa, hasbiya, da mulufi da ya yi jajawur a kan karan dawa. Wanda bai san ɗan gari ba, ta yaya zai gane baƙo? Ka zaɓi wuri guda ka riƙa komawa kowane mako, daga bayan sallar Asuba zuwa ƙarfe 9, rana tana bayanka. Ka sa tufafi marasa haske, ka riƙe ɗan littafi. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, in babu, zama shiru wuri ɗaya ya fi yawo.

Idan abin ya kama ka, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Najeriya daga masu sa kai, kuma abin da ka rubuta a bakin Kubanni zai yi musu amfani. In kuma ka taɓa tsintar mataccen tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, irin wanda masu bincike ke sa wa tsuntsaye don bin diddigin tafiyarsu, ka kwafe lambar da adireshin da ke jiki, da rana da wurin da ka same shi, ka aika musu.