Ban ruwan lambu a Ingila: kada ka zo da hannun gida

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce an ba ka hayar ɗan filin lambu a wajen Landan, kana tambaya ruwa nawa tumatir da kabeji da albasa suke sha a nan. Ni ma da na fara, da hannun noman ranin Kadawa na zo, kullum safe da yamma ina malala ruwa. Shekarar farko albasata ruɓewa ta yi a ƙasa, ganyen tumatir ya yi baƙi ƙirin da cutar nan mai son danshi.

Ka riƙe lissafi ɗaya: milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. A Yuni da Yuli, rana da iska suna ɗebe wa ƙasa da ganye wajen milimita 3 zuwa 4 a yini, kusan 25 ke nan a mako. A Kano lokacin bazara ya kan ninka haka. Tumatir da ya fara fure sai ka ƙara masa kaɗan. Jadawalin 1998 na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce a ninka wannan adadi sau 1.15 ga tumatir, kabeji da albasa sau 1.05, ƙaramin dashe kuwa sau 0.6 zuwa 0.7.

Ga yadda nake yi. Kwamin tumatir ɗina murabba'in mita 10 ne, buƙatarsa a mako wajen milimita 28. Na kafa gwangwanin madara mai miƙaƙƙen baki a tsakiyar lambu, ranar Asabar in sa rula in auna. In sama ta ba da 10, saura 18, wato lita 180, buta 18 mai cin lita 10. Ina raba shi gida biyu, in zuba a gindi da sassafe, ba na jiƙa ganye.

Yayyafin ƙasar nan fa mayaudari ne. Sai a wuni ana yi, ka leƙa gwangwani ka ga bai kai milimita 2 ba. Don haka kafin in ɗauki buta sai na tona da hannu kamar tsawon ɗan yatsa. In ƙasar ta dunƙulu, in bar ta. Yawancin ƙasar Landan laka ce, tana riƙe ruwa. Mai rairayi shi ne zai riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan, akai-akai.

Abin da tumatir ya tsana shi ne yau ƙishirwa gobe ambaliya: gindin 'ya'yan ya yi baƙi, ko su tsage. Albasa kuwa da zarar ganye ya fara kwanciya, ka ɗauke mata ruwa.

Ka kuma ajiye ganga ƙarƙashin indararon rumfa tun yanzu. A 2022 da zafi ya haura digiri 40, an hana amfani da tiyo a wurare da dama, ruwan gangar nan ne ya riƙe min kabeji har Agusta.