Amsa: Wane ƙwaron fatsa zan ɗaura wa turawut a watan Agusta?

Malam, ka ce za ka kogin Madison a jihar Montana ta Amurka cikin Agusta, kana tambayar wane ƙwaron bogi za ka ɗaura. Kafin ƙwaro, nemi ma'aunin zafin ruwa tukuna. Turawut kifin ruwan sanyi ne. Da zafin ruwa ya haura digiri 20 a ma'aunin Celsius, iskar cikin ruwa ta ragu, ko ka sake shi bayan kamu yana iya mutuwa. Shi ya sa hukumar jihar kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare idan ruwa ya ɗumama. Saboda haka ka yi sammako.

Agusta kuwa lokacin fara ne. Iska na kaɗo su daga ciyawar gaɓa su faɗa ruwa, kifi na nan maƙale yana jira. Ɗaura fara ta soso, ka jefa dab da gaɓa, ta faɗi "fal", kada ka lallaɓa. A ƙarƙashinta, kamar kamu ɗaya, rataya ƙaramin Pheasant Tail, wato ƙwaron bogi mai kama da tsutsar ruwa, mai girman ƙugiya lamba 16 ko 18. Ni dai rabin kifina a wannan ɗan tsurut nake samu. In ya zo ya shinshina ya juya, canza zuwa tururuwa.