Kada Ka Hana Maganar, Ka Hana Zagi

Malam, ka ce duk sanda aka taso da batun haƙƙin mata ko maganar luwaɗi a taron ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai a Jos sai an tashi baram-baram, shin ka haramta batun gaba ɗaya? A'a, kada ka haramta. Ka hana zagi, kafirta mutum da kiran sunan wani da zargi, ka kuma raba lokacin magana daidai, har da mata.

Da, shugaba na tsawatawa za a ce ya cika mulkin mallaka. Yanzu membobi da kansu ke roƙon ya sa baki, don an gaji da hayaniya. Sharaɗina ɗaya: duk mai da'awa ya zo da takarda. A rigimar da aka yi a 2024 kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, aka yi ta zargin tana goyon bayan auren jinsi, na zauna da mutane suna ta kumfar baki, ba wanda ya karanta ko shafi guda, wasu ma ba su san dokar 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi tana nan daram ba. Da ka tambayi takarda, rabin masu ihun za su koma kujerunsu.