Tambayi Likita: Maigidana Zai Iya Shan Alabukun Bayan Aikin Basir?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi wa maigidana aikin basir, aka sallame mu da farasitamol, amma ya ce ba ya jin sa. Shi kuwa ya saba da garin Alabukun, ga kuma wani haɗi da ƙaninsa ya karɓo masa a kemis. In ba shi? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi. Ki ɗauke Alabukun da haɗin kemis ɗin duka biyun daga gefen gadonsa.

Alabukun asfirin ne da sinadarin kafin. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ke taruwa su toshe bakin rauni, asfirin kuwa kashe musu aiki yake yi, kuma wadda ya taɓa ba ta farfaɗowa. Sai jiki ya ƙera sabbi, abin da ke ɗaukar kwana 7 zuwa 10. Ga shi aikin basir yakan yi tsiyayar jini a mako na biyu, daidai lokacin da zaren ɗinki ke narkewa, mutum yana ganin ya warke.

Haɗin kemis ya fi ba ni tsoro, don an ɓare ƙwayoyin daga takardunsu, ba wanda ya san me ke ciki. Sau da yawa za ka tarar da diclofenac da ibuprofen ko piroxicam a ƙulli ɗaya, alhali magungunan kashe zafi ne dangi ɗaya, ba a haɗa su. Ibuprofen shi kaɗai ba dodo ba ne, mu ma muna rubuta shi bayan tiyata, illarsa ga jini takan wuce cikin kwana ɗaya. Sai dai mukan fara tambaya ko akwai gyambon ciki ko ciwon ƙoda.

Farasitamol ba ya tsinka jini. Matsalar ita ce mutanenmu sai zafi ya kai maƙura suke sha. Ya sha giram 1 duk awa 6 a kan lokaci, kada ya haura giram 4 a rana saboda hanta. In bai isa ba, ku koma wurin wanda ya yi aikin. In kuma likitan zuciya ne ya ɗora shi kan asfirin, kada ya daina da kansa.

Ɗan ɗigon jini wurin bayan gida ba komai. Amma in kin ga gudaji, ko ƙunzugu yana jiƙewa, ko jiri na ɗibarsa, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne, da sauran ƙullin maganin a hannu.